Burodin asuba: yadda muka gano ciwon wani obin a Birnin Kebbi

Cikin watan Janairu, hunturu na tsakiyar bugawa, wani mai gidan burodi a Birnin Kebbi ya kira ni a waya bayan sallar isha'i. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce, "Malam, don Allah ka zo ka dubi wanga obin. Ko dai shi ya lalace, ko kuma yaron da ke kansa na so ya karya ni." Gyaran kayan gas na masu abinci shi ne sana'ata, murhu da obin da tukwanen suya, saboda haka irin wannan kira ba baƙona ba ne. Abin da ya sa na ware wannan na rubuta shi ne, ciwo huɗu suka taru a inji ɗaya, kowanne na rufa wa ɗan'uwansa asiri, kuma saura ƙiris a kori wanda bai ji ba bai gani ba.

Gidan ba wani babba ba ne. Obin ɗin na gas ne mai hawa uku, kowane hawa da wutar sama da wutar ƙasa, da allon lamba a gefe mai nuna zafi. Alhaji ya sayo shi shekara biyu da suka wuce, bayan ya gaji da tsadar itace da hayaƙin tsohon tanderun bulo da har yanzu yake tsaye a bayan gida. Buhu biyar na fulawa mai kilo 50 suke kwaɓawa a dare guda. Ana kunna wuta wajen ƙarfe ɗaya da rabi, gashi ya kankama ƙarfe biyu, da an sallame asuba kuwa 'yan babur sun jeru a ƙofa. Wasu su zaga masu shayi da shagunan cikin gari, wasu su kama hanyar Kalgo da Jega, wasu su nufi Ambursa.

Da na isa washegari da hantsi, na tarar ya jera mini shaida a kan tebur, burodi kala uku. Na farko samansa baƙi ƙirin kamar gindin tukunya, amma da na ɓare shi na danna tsakiyarsa da yatsa sai ya manne, bai dawo ba, ga wani layi mai danƙo a can ƙasa kamar ɗanyen kwaɓi. Na biyu fari fat, ɓawonsa da kauri da tauri, gefe da gefe sun lotsa ciki har ya yi ƙugu kamar kalangu. Na uku a leda yake, masu shayi ne suka dawo da shi bayan kwana biyu. Ledar ta yi gumi ta ciki, fumfuna ta fara tsirowa a kusurwa.

Kafin a kira ni an sha magani. An canza fulawa sau biyu. An ƙara sukari don farin burodin ya yi ja. An ƙara yis don wanda ke lotsawa ya tashi. Wani a kasuwa har ya ba Alhaji shawarar ya nemi farin garin nan na buromet da ke sa burodi kumbura, shi kuwa ya ƙi, kuma na yaba masa a kan haka, don hukumar NAFDAC ta daɗe da haramta shi saboda haɗarinsa ga lafiyar mai ci. Da duk wannan bai yi ba, sai aka koma kan yaron da ke kan wuta, aka fara yanke masa kuɗin burodin da ya ɓaci daga albashinsa. Ban ga laifin Alhaji ba da ransa ya ɓaci. Mafi yawan alkamar da ake niƙa mana fulawa da ita daga waje ake shigowa da ita, kuma tun da yaƙin Rasha da Yukren ya ɓarke a 2022, naira kuma ta faɗi daga 2023, duk gwangwanin da ya ƙone kuɗi ne mai nauyi. Sai dai ɓacin rai ba ya auna zafi.

Na ce masa, "Alhaji, da rana ba abin da zan gani. Ka bar ni in kwana da su. Amma a yau a koma kan tsohon awon kwaɓi, sukari da yis yadda kuke yi kafin matsala ta fara." Ya ɗan yi gardama, daga baya ya yarda. Na dawo da dare ɗauke da ma'aunin zafi guda biyu na ajiyewa a cikin obin, da wani mai allura da ake cakawa cikin burodi, da tocila, da ruwan sabulu a gora, da littafi. Na kuma ce a yayyanka mini burodin jiya guda uku, fale-fale.

Yankakken burodin nan shi ne gwajin da na fi yarda da shi, kuma ba ya cin ko sisi. Bayan obin ya ɗauki zafi, sai a shimfiɗa yanka-yankan a kan faranti, daga bango zuwa bango, daga ciki zuwa bakin ƙofa, a rufe minti huɗu ko biyar. In aka fito da shi, farantin ya zama taswirar wutar. A hawan sama komai ya yi ja daidai, ban da layin dama da ya fito da ɗan haske. A hawan ƙasa na can ciki sun yi ja, na bakin ƙofa kuwa kamar ba su shiga wuta ba. Hawan tsakiya shi ya sa kowa ya yi shiru, duk farantin ya ƙone ƙurmus cikin minti huɗu, hayaƙi na tashi. Allon lamba na cewa digiri 190. Ma'aunina da ke zaune a tsakiyar hawan na cewa 236.

Lambar da ke kan allo ba zafin obin ba ce, labari ne da wata 'yar sandar ƙarfe ke kai wa allon. Sandar tana shiga ta wani rami a bango, kanta na leƙe cikin ɗakin gashi, ita ke jin zafi, allon kuma ya kashe wuta ko ya kunna bisa abin da ta faɗa masa. Na kwance murfin gefe na haska tocila, sai ga sandar wutar saman hawan tsakiya ta zame baya, kanta ya maƙale a cikin audugar da ke tsare zafi a jikin bango. Tana can a wurin da zafi bai cika kaiwa ba, tana ta shaida wa allon cewa da saura, shi kuma yana ta zuba wuta. Yaron ya leƙo ta kafaɗata ya ce, "Baba, da damina rufi ya yi yoyo, mun jawo obin ɗin gefe. Ina jin nan ne waya ta fizge." Tun daga lokacin hawan tsakiya ke ƙarya.

Wannan ya warware burodi na farko. Zafi ba ya ratsa kwaɓi da gudu, a hankali yake kutsawa daga ɓawo zuwa tsakiya, kuma burodin gwangwani bai gasu ba sai cikinsa ya kai wajen digiri 94 zuwa 96. Shi kuwa ɓawo, da zarar ya bushe ya haura digiri 140, sukari da sinadaran gina jiki da ke cikin fulawa sai su fara haɗuwa su ba da jan launi da ƙamshin nan da kowa ya sani. Wani masanin kimiyya ɗan Faransa, Louis-Camille Maillard, shi ya fara bayanin wannan haɗuwa a 1912. Burodinmu na nan Najeriya yana da sukari da bota fiye da na Turawa, don haka ya fi saurin yin ja, ya fi saurin ƙonewa. A digiri 236 samansa ya gama baƙi tun ciki bai kai ko'ina ba. Na bar su suka gasa zubi ɗaya a haka don Alhaji ya gani da idonsa in ya zo. A minti na 22 yaron ya fito da shi, don in ya ƙara minti biyu gawayi zai kwaso. Na caka allura a tsakiya, 81. Sukarin da aka ƙara a makonnin baya don a gyara farin burodi, wannan hawa ya ƙara wa masifa.

Da a nan abin ya tsaya, da na tura sandar na ɗaure na tafi gida na kwanta. Amma farin burodi mai ƙugun kalangu bai fito ba tukuna, kuma zubin farko na hawan sama ya yi kyau ƙwarai. Sai na ja benci na zauna ina rubuta abin da allo da ma'auni ke faɗa duk bayan minti goma.

Wajen ƙarfe uku da rabi lambobi suka fara sauka, a duka hawa ukun. Dama in aka buɗe ƙofa aka loda gwangwanaye masu sanyi, zafi kan faɗi, wannan ba abin damuwa ba ne muddin ya farfaɗo cikin 'yan mintuna. A nan ya faɗi ya kwanta. Hawan sama da aka saita a 190 ya tsaya a 158, ya ƙi motsi. Na durƙusa na leƙa ta ramin duba wuta, harshen da ɗazu yake tsaye shuɗi yana huci, yanzu ya gajarce yana rawa kamar fitilar da manta ya ƙare. Yaron ya ce, da muryar wanda ya gaji da maimaita magana, "Na daɗe ina faɗi, Baba, wuta na raguwa in asuba ta gabato. Aka ce barci nike." Ya ɗauki tocilar daga hannuna ya ce in biyo shi.

A waje, jikin bango, tukunyar gas ɗaya ce mai kilo 50 a tsaye cikin iskar hunturu. Ya haska ƙasanta. Daga gindi zuwa kamar taƙi biyu, farar raɓa ta daskare ta zagaye ta kamar an ɗaura mata ɗamara, daga nan zuwa sama kuma ƙarfe a bushe. Na ɗora tafin hannuna, sanyin ya shiga har ƙashi. A gefe ga buta da wani baho, na tambaya, ya ce da su suke zuba mata ruwan zafi, wani lokaci kuma su jijjiga ta ko su karkata ta.

Gas ɗin da ke cikin tukunya ruwa ne a matse. Kafin ya bi tiyo ya je obin sai ya tafasa ya zama iska, kuma tafasar nan zafi take ci, tana zuƙo shi daga jikin tukunyar da iskar da ke kewaye. In ana jan gas da sauri fiye da yadda zafi ke shigowa, ruwan sai ya yi ta sanyi, ƙarfin turawarsa ya yi ta raguwa. Iri biyu ne ake gaurayawa, furofen da biyuten. Furofen yana tafasa tun a digiri 42 ƙasa da sifiri, sanyinmu bai dame shi ba. Biyuten kuwa da ya sauka kusa da sifiri ya daina tashi, kuma shi ya fi yawa a gas ɗin da ake sayarwa a kasuwanninmu. Ga bakin wuta shida na ja a lokaci guda, ga sanyin asubar hunturu, ga tukunya ta yi ƙasa. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci, domin ta inda ruwan ke taɓa ƙarfe kaɗai zafi ke shiga sosai, in ruwa ya ragu, hanyar shigar zafi ta ragu. Layin raɓar nan da muka gani, daidai nan ne ruwan gas ya tsaya.

Da gari ya waye na roƙi littafin ciniki da takardun sayen gas. Tukunya ɗaya na yi musu kusan mako guda. Muka jera ranakun da aka fi dawo da burodi kusa da ranakun da aka sake tukunya, sai suka hau kan juna: kwana biyu ko uku na ƙarshen kowace tukunya su ne ranakun asara. Bara da hunturu ba su ga haka ba saboda a lokacin buhu uku suke yi, hawa biyu kawai suke kunnawa.

A nan ne na gane abin da ya ruɗa kowa. Da ƙarfe biyu, gas na da ƙarfi, hawan sama na gasawa daidai, na tsakiya na ƙonawa. Da ƙarfe huɗu, gas ya yi rauni, hawan sama da na ƙasa na fitar da fari, shi kuwa na tsakiya da ya tara zafi fiye da kima sai ya sauko ya zama shi ne mai kyau. Ranar sabuwar tukunya kuma farin ya ɓace gaba ɗaya. Mai kallo daga nesa ba zai ga tsari a ciki ba, yau nan gobe can, sai ya ce ai sakacin mutum ne.

Sauran ɓarnar duk 'ya'yan raunin gas ne. Zubin da ya kamata ya fito a minti 35 sai ya kai 55, ɓawo ya bushe ya yi tauri bai yi ja ba. Kwaɓin da ke layi kuma yana zaune a gwangwani yana ta tashi har ya wuce ƙa'ida, ga yis da aka ƙara yana ingiza shi. Kwaɓin da ya wuce tashi ya zama kamar balan-balan da aka hura da yawa, jikinsa ya yi siriri. Yis ba ya mutuwa sai zafi ya kai wajen digiri 60, to a obin mai sanyi yana daɗewa yana aiki kafin jikin burodin ya kama, da an fito da shi kuwa gefensa ya rufta. Kuma tun da gashi ya makara, 'yan babur na ƙofa suna danna oda, sai a zuba burodi a leda da zafinsa. Tururin da ya kamata ya fita ya koma ruwa a cikin leda, fumfuna ta samu gida. Burodi mai girman nasu na buƙatar awa ɗaya da rabi zuwa biyu a kan katako yana shan iska kafin leda ta taɓa shi.

Maganar buta da baho ban ɗauke ta da wasa ba, na tara su duka har da masu kwaɓi. Tukunyar da aka karkata ko aka kwantar tana iya tura ruwan gas kai tsaye cikin regileta (na'urar da ke daidaita ƙarfin gas a bakin tukunya) da tiyo, ya isa bakin wuta ya tashi gaba ɗaya. Ruwa mai tafasa a jikin tukunya ma ganganci ne, balle a kusanto mata da garwashi, wanda na san ana yi a wasu wurare. Mutum shida ke kwana a ɗakin nan, ƙofar fita ɗaya.

Gyaran mun yi shi dare huɗu, abu ɗaya a kowane dare, don mu san wanne ya yi aiki. Daren farko na mayar da sandar jin zafi na ɗaure ta da maƙalinta, allo da ma'aunina suka dawo tsakaninsu bai fi digiri biyar ba. Na biyu shi ne mai cin kuɗi: tukunya uku a haɗe kan bututun ƙarfe ɗaya, kowace da makunninta, suna ba da gas tare, ta yadda kowace kashi ɗaya cikin uku na nauyin take ɗauka. Regileta kuma muka sa wadda ta dace da abin da aka rubuta a farantin bayanin da ke manne a bayan obin, don wadda na tarar ta murhun girkin gida ce. Duka a tsaye, a waje, cikin keji mai shan iska. Na bi kowace mahaɗa da ruwan sabulu, inda ya yi kumfa na sake ɗaurewa. Alhaji ya ja tsaki da ya ji kuɗin, na tura masa littafin cinikinsa na ce ya haɗa burodin da aka dawo da shi a wata ɗaya. Bai ƙara magana ba.

Dare na uku ƙofar hawan ƙasa. Na sa takarda a bakin ƙofa na rufe, na ja, ta zare ba tare da ta ko tirje ba. Robar ta bushe ta tsattsage, zafi na tsiyaya ta nan, shi ya sa layin gaba ke fitowa fari. Muka sa sabuwa irin ta obin mai jure wuta. Ta firji ko ta ƙofar mota ba ta yi, narkewa za ta yi ta ba burodi wari. Na huɗu muka zaro bututun wuta, ramukan gefen dama na hawan sama sun toshe da ƙurar fulawa da ta hunturu, harshen wutar wurin ya koma rawaya yana barin baƙi. Buroshin ƙarfe muka sa, na kuma hana su tsokana ramukan da ƙusa, don in rami ya faɗaɗa ba ya komawa. Na daidaita mashigar iska har wuta ta dawo shuɗiya. Na ƙara musu sharaɗi ɗaya: ko da allo ya kai lambar da ake so cikin kwata ɗin awa, a jira minti 45 kafin zubin farko, don iskar ciki ce ta yi zafi, daɓen da gwangwani zai zauna a kai bai ɗauka ba tukuna. A ƙarshe suka tsaya a kan 180 a wutar sama, 200 a wutar ƙasa, minti 35, allura na nuna 95 a tsakiya. Wannan awon nasu ne, na obin ɗinsu da kwaɓinsu, wani gidan sai ya auna nasa.

Ashe ma shaida ta daɗe a gidan. Uwargidan Alhaji na amfani da obin ɗin da rana, tana gasa kek da kaji na masu biki, kuma hawan tsakiya ta fi so don ya fi sauƙin kaiwa. Ta aiko a faɗa mini cewa tun bayan damina kek ɗinta ke yin tozo ya tsage a sama, kaza kuma fata ta ƙone amma a jikin ƙashi da sauran jini. Ciwon sandar nan ne dai. Na aika mata cewa ta samu ma'auni mai allura, ta caka a cinya inda tsoka ta fi kauri ba tare da ta taɓa ƙashi ba, kada ta sauke kaza sai ta ga 74.

Saura maganar albashi. Ba aikina ba ne, amma na kasa yin shiru. Na ce, "Alhaji, yaron nan ya gano rabin matsalar tun kafin in zo, da hannunsa ya taɓa tukunyar. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sauran rabin kuwa a bayan murfi yake, ba mai ganinsa sai da sukundireba." Ya daɗe yana kallon littafin. Can ya ce, "Tau, Allah ya yafe muna." Ya kira yaron a gabana ya mayar masa da abin da aka yanke, ya kuma damƙa masa ma'auni mai allura da sabon littafi ya ce daga yau shi ke da su.

Na sake bi ta gidan a ƙarshen Maris, zafin Kebbi ya sauka da ƙarfinsa. Tukwanen gas a bushe, ba raɓa ba komai. Damuwarsu ta koma wani wuri: ruwan tankin da ke kan rufi na kwana da ɗumi, kwaɓi na fitowa daga inji a digiri 33, yana tashi kafin a gama yanka shi. Yaron ne da kansa ya auna ya gano, yanzu suna sayen ƙanƙara suna sanyaya ruwan kwaɓi har ya fito a 26 ko 27. Ƙofar hawan ƙasa kuma ta ɗan saki daga maratayinta na hagu, sabuwar robar ba ta kama kusurwar sosai. Ba mu samu irin ƙarfen a Birnin Kebbi ba, an aika Kano. Kafin ya iso, a minti na 20 suna buɗewa su juya farantan hawan ƙasa, na gaba ya koma ciki, kuma na ga ya rubuta hakan da jan biro a saman kowane shafi na littafin.